Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa kan karatun kwamfuta na waɗanda suka fito daga wasu fannoni

Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, Abuja, da shugabannin makarantun karatun gaba da digirin farko na jami'o'inmu.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu malamai ne masu koyar da kimiyyar kwamfuta, tare da wasu 'yan'uwanmu da ke cin abinci da rubuta manhaja. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne diflomar nan ta gaba da digiri a fannin kwamfuta, wadda kowa ya fi sani da PGD. Ita ce ƙofar da mutumin da ya karanta wani fanni dabam yake bi idan yana son komawa harkar kwamfuta, ko yana son yin digiri na biyu a cikinta.

Duk wanda ya leƙa ajin PGD da yammacin Juma'a ko safiyar Asabar ya san su wa ke zaune a ciki: akanta daga banki, malamar sakandare da ta karanta Hausa, ma'aikacin jinya, lauya, mai babbar difloma a aikin gona, jami'in ƙididdiga daga ƙaramar hukuma. Manya ne masu iyali, da kuɗin aljihunsu suke biya, kuma babu wanda ya tilasta musu zuwa. Da wuya malami ya samu ɗaliban da suka fi waɗannan ƙwazo. Amma ranar da suka karɓi sakamako, a miƙa wa da yawansu fayil mai sunayen ma'aikata da albashinsu, a ce su rubuta manhaja mai layi hamsin da za ta fitar da jimillar albashin kowane sashe, sai ka ga zufa ta karyo. Takarda ta samu, hannu bai faɗa ba. Wannan yana damunmu ƙwarai, domin mun san laifin yana ga yadda aka tsara karatun.

Abin da ake yi a wurare da dama shi ne a ɗauko darussan digirin farko na shekara huɗu a matse su cikin zango biyu. Sai ka tarar da kwas bakwai ko takwas a zango ɗaya, kowane mai yunit biyu ko uku. A ƙa'idar hukumarku, yunit ɗaya yana nufin lakcar awa ɗaya a mako har mako 15, ko aikin hannu na awa uku a mako. Ke nan kwas ɗin koyon rubuta manhaja mai yunit biyu awa 30 ne kacal, in ma babu hutu ko yajin aiki da ya ci wani abu daga ciki. A cikin awa 30 ɗin nan ake son mutumin da bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba ya iya. Kuma a zangon da yake fama da wannan, an haɗa masa da kwas ɗin tsarin jera bayanai, wanda ba ya yiwuwa sai an riga an iya rubutun. Ana ɗora jinka tun ba a gama ginin ɗakin ba.

A watan Disamba na 2022 hukumarku ta ƙaddamar da sabon tsarin darussan digirin farko, CCMAS, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari ta bar wa jami'o'i kashi 30, ta kuma ware kwamfuta a matsayin fanni mai cin gashin kansa, da rassa irin su tsaron intanet, injiniyancin manhaja da kimiyyar bayanai. Aiki ne mai kyau. Roƙonmu shi ne a yi wa masu sauya fanni irin wannan hidima, a fitar musu da mafi ƙarancin ma'auni nasu na kansu, wanda aka tsara tun daga tushe domin babban mutum mai digiri a wani fanni.

Wasu sun riga mu wannan tunani. Jami'ar Pennsylvania a Amurka tana da digiri na biyu mai suna MCIT, wanda aka yi musamman domin waɗanda ba su karanta kwamfuta ba. Kwas goma ne gaba ɗaya, shida na dole, huɗu na zaɓi, kuma shidan nan ba su wuce rubuta manhaja, lissafi, yadda kwamfuta ke aiki a cikinta, tsarin jera bayanai da dabarun warware matsala ba. Jami'ar Northeastern, ita ma a Amurka, tana da nata mai suna Align, inda ɗalibi ke yin darussan share fage kafin a haɗa shi da sauran masu digiri na biyu. A Ingila kuwa, a 2020 gwamnati ta zuba kuɗi a irin waɗannan kwasa-kwasai na ƙirƙirarriyar basira da kimiyyar bayanai, har da tallafin fam 10,000 ga ɗalibai 1,000. Ba wai muna cewa a kwaso nasu a dasa mana ba. Abin lura shi ne duk cikinsu darussan kaɗan ne, masu nauyi, kuma a jere suke, wani na bin wani. Ga mai shakkar cewa ɗan wani fanni zai iya yin nisa, ya tuna Tony Hoare, wanda ya ƙirƙiro hanyar jera bayanai ta Quicksort ya kuma karɓi lambar yabo ta Turing, mafi girma a fannin kwamfuta, a 1980: Latin da Girkanci da falsafa ya karanta a Oxford.

Ga jerin da muke ganin zai yi aiki. A zangon farko kwas uku sun isa. Na ɗaya rubuta manhaja da harshe guda ɗaya tak, mu Python muka zaɓa, mai yunit shida: uku na lakca, awa 45, uku na zama gaban kwamfuta, awa 135. Na biyu lissafin da kwamfuta ke buƙata, wato mantiƙi, rukunoni, ƙirga yiwuwar abubuwa da kafa hujja mataki-mataki. Na uku sanin cikin kwamfutar kanta: yadda take ajiye lamba da harafi da sifiri da ɗaya, yadda ake ba ta umarni a rubuce a Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da yadda ake adana tarihin aiki da Git. A zango na biyu sai tsarin jera bayanai da algoridim, wato dabarun warware matsala mataki-mataki, mai yunit shida, rumbun adana bayanai da harshen SQL, sannan sadarwa da tsaro. Kundin kammalawa ya samu zangonsa na uku shi kaɗai. Awa 180 a mako 15 awa 12 ke nan kowane mako a kwas ɗaya, saboda haka mai zuwa ƙarshen mako kawai ba zai iya gama wannan a shekara ɗaya ba. A faɗa masa gaskiya tun ranar sayen fom cewa nasa shekara biyu ne.

Mun nace a kan harshe guda domin mun ga abin da gaurayawa ke haifarwa. Idan aka koyar da C a wannan kwas, Java a wancan, PHP a na uku, ɗalibi yakan ƙare zangon yana haddar inda ake sa waƙafi da baka, tunanin da ke ƙarƙashi kuwa bai shige shi ba. Kuma wuraren da sabon shiga ke tuntuɓe sanannu ne, kusan ba sa canzawa. Yakan ɗauka alamar daidai guda ɗaya tana nufin abin da take nufi a lissafin sakandare, alhali a nan umarni ce ta ajiye abu, tambayar ko abu biyu daidai suke kuwa sai da alama biyu. Yakan manta cewa ƙirga a jeri daga sifiri take farawa, sai umarnin maimaitawarsa ya tsallake na farko ko ya zarce na ƙarshe da ɗaya. Akanta zai tara 0.1 da 0.2 a Python ya ga 0.30000000000000004, ya ce kwamfutar ta lalace. Lafiyarta ƙalau: ba ta iya ajiye kashi ɗaya cikin goma daidai-wa-daida da sifiri da ɗaya, shi ya sa mai hankali yake lissafin kuɗi da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, ko ya yi amfani da Decimal, kayan aikin Python mai riƙe irin waɗannan lambobi daidai. Waɗannan ba sa gyaruwa a kan allo. Sai mutum ya yi kuskuren da hannunsa, jan rubutu ya fito masa, wani na tsaye a bayansa ya ce masa, "Malam, karanta layin ƙarshe na saƙon nan, me ya ce?" Don haka muke neman a wajabta mataimakin malami ɗaya ga kowane ɗalibi 20 a lokacin aikin hannu. Ɗaliban digiri na biyu da na uku za su iya, in aka ba su ɗan alawus.

Sai jarrabawa, kuma a nan ne muka fi son a saurare mu. Muddin za a ci gaba da jarraba rubuta manhaja da biro a takarda, da tambayoyi irin su "kawo ma'anar kaza" da "lissafo amfanin kaza guda biyar", to ɗalibai za su ci gaba da hadda, domin ita ce ke ba da maki. Muna ba da shawarar aƙalla kashi 60 na makin kwas ɗin ya fito daga jarrabawa a kan kwamfuta: awa uku, a ɗakin da aka katse intanet, matsala huɗu ko biyar, a gwada amsar kowa da bayanan gwajin da bai gani ba. Wanda bai ci wannan ɓangare ba bai ci kwas ɗin ba, komai yawan makinsa a rubuce. Aikin gida kuwa, yanzu da ChatGPT da ire-irensa ke rubuta shi cikin daƙiƙa kaɗan, maki a kansa ba shi da ma'ana sai an haɗa da ganawar minti goma. A zaunar da ɗalibi gaban aikinsa, a nuna masa layi ɗaya a ce ya bayyana abin da yake yi, sannan a ce ya canza abu guda, misali ya sa manhajar ta tsallake duk ma'aikacin da ya yi ritaya. Wanda ya rubuta da kansa zai yi cikin minti uku. Wanda aka rubuta wa ba zai san inda zai sa hannu ba. Ba ma goyon bayan a hana amfani da waɗannan kayan aiki, don a wurin aiki da su ake yi. Sai dai wanda bai iya karanta abin da suka rubuta masa ba, ba zai gane ranar da suka yi masa kuskure ba.

Wasu sukan ce ai wanda zai yi aiki a ofis ba ya buƙatar algoridim. Ga misali ɗaya. An ba mutum sunayen manoma 100,000 da suka yi rajistar taki, an ce ya gano waɗanda suka yi rajista sau biyu. Hanyar da za ta fara zuwa masa ita ce ya gwada kowane suna da kowane suna. Da ya jarraba da suna 200, gwaji 19,900 ne, nan take ya gama, ya yi murna. A kan 100,000 kuwa gwajin ya kusa biliyan biyar, sai ya zauna yana kallon kwamfuta tana huci. Wanda ya yi kwas ɗin da kyau ya san zai zuba sunayen a ƙamus na Python, ma'ajiyar da ke gano abu nan take, ya bi jerin sau ɗaya, aikin ya ƙare kafin ya ɗaga kofin shayi. Haka kuma ya san cewa a jerin da aka tsara mai abu miliyan ɗaya, raba biyu-biyu sau 20 ya isa a gano kowane abu. Ma'aikatun jihohinmu cike suke da irin wannan aiki.

Rumbun adana bayanai ma haka. Wanda ya saba da Excel yakan zuba komai a tebur ɗaya, sai mutum guda ya bayyana sau uku, Muhammad a nan, Muhammadu a can, Mohd a gaba, kowane da lambar waya dabam. Dole a koya masa raba tebura, da ba kowane mutum lambar da ba ta maimaituwa, da haɗa su da mabuɗi. Dole a nuna masa da idonsa yadda ake fasa rumbu ta akwatin shigar da suna idan an manna abin da baƙo ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, da dalilin da ya sa ba a ajiye kalmar sirri yadda mai ita ya rubuta ta. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma ɗalibin da ya kwaso ainihin fayilolin marasa lafiya daga wurin aikinsa domin kundinsa ya jefa kansa da jami'arsa cikin hatsari. A koya musu cire sunaye da neman izini tun kafin su fara.

Yanzu ga abin da ya fi ba mu takaici, domin a nan ne ake asarar dukiya. Mai sauya fanni yana zuwa da abin da yaro ɗan shekara 22 mai digirin kwamfuta ba shi da shi, wato sanin wata sana'a ciki da bai. Amma idan lokacin kundi ya yi sai a ba shi take irin wanda aka ba ɗari kafinsa, manhajar rajistar ɗalibai ko ta ɗakin karatu, waɗanda ake sayarwa a shagunan buga takardu na bakin ƙofar makaranta, a canza suna da launi kawai. A ɗauki wanda ya karanta shari'ar Musulunci. Ya san rabon gado: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Ya san idan mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu, miji yana da rabi, su suna da sulusi biyu, uku cikin shida da huɗu cikin shida sun zama bakwai, kason ya fi asalin yawa, sai a yi auli a mayar da asalin bakwai. Ya san wa ke katange wa. Wannan tsantsar mantiƙi ne, sharaɗi bisa sharaɗi, kuma Python tana da kayan aiki mai suna Fraction da zai riƙe sulusi a matsayin sulusi ba tare da guntun kuskure ba. Manhajar da zai rubuta, alƙali ko malamin fiƙihu ya gwada ta da mas'aloli hamsin, ta fi manhajar rajista ɗari amfani, kuma babu shagon da zai sayar masa da ita.

Ko a ɗauki wadda ta karanta Hausa. Ta san ƙasa dabam kasa dabam, baƙi dabam baki dabam, ta kuma san mafi yawan abin da ake rubutawa a Facebook da WhatsApp babu ƙugiya. Ta san a Nijar ana rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Idan ta koyi cewa ƙ da ɗ da ɓ kowanne bait biyu, wato gurbin harafin Turanci biyu, yake ci a tsarin adana haruffa na UTF-8, kuma rumbun da aka saita da tsohon tsarin haruffan Turai zai mayar da su alamar tambaya, to ta zama mutumin da masu gina manhajar fassara da ta gane murya suke nema ruwa a jallo. Ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP a kan wannan suke aiki. Ma'aikacin jinya ya yi jadawalin rigakafin yara, mai aikin gona ya yi lissafin taki da iri. Ma'aunin da muke roƙo ya ce dole kundi ya fito daga fannin ɗalibi na asali, da masu dubawa biyu, ɗaya daga sashen kwamfuta ɗaya daga wancan sashen, kuma a ga tarihin aikin a Git mako-mako. Aikin da ya faɗo gaba ɗaya a dare guda ya tona asirin kansa.

Game da ɗaukar ɗalibai, matakin digirin da mutum ya samu a tarihi ko kimiyyar sinadarai shekara goma da suka wuce ba ya nuna ko zai iya wannan karatu. Gara a buɗe kwas ɗin share fage na mako shida mai sauƙin kuɗi, a koyar da farkon Python da ɗan lissafi, a yi jarrabawa a kan kwamfuta a ƙarshe. Wanda ya ci ya shiga. Wanda bai ci ba ya gane da wuri, kafin ya zuba kuɗin shekara. Waɗanda suka yi horon fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 za su iya zama jarrabawar kai tsaye.

Kayan aiki ba su kai tsadar da ake zato ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM gigabait 8 da ma'ajiyar SSD ta isa duk abin da muka lissafa, ko da wadda aka riga aka yi amfani da ita ce. Guda 40, kowace tana jan kamar wat 60, wat 2,400 ke nan, a awa shida ƙasa da kilowat-awa 15, abin da matsakaiciyar sola da batura za su ɗauka. A ajiye kwamfuta ɗaya a sashe mai ɗauke da duk manhajojin da za a sauke, don kada darasi ya tsaya ranar da intanet ta ɗauke. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na iya ɗaukar wannan a cikin abin da take ba jami'o'i.

Saura maganar abin da ke bayan PGD. A yanzu kowace jami'a da makin da take nema kafin ta ɗauki mai PGD a digiri na biyu, wata ma ba ta karɓar ta wata jami'ar, domin ba ta san abin da aka koyar a can ba. Idan aka samu ma'auni ɗaya, wannan ya kau. Muna kuma roƙon a bambanta hanya biyu a fili. Mai son aiki ya wuce digiri na biyu na ƙwarewa. Mai son bincike da koyarwa a jami'a a ƙara masa zango guda na aljabarar layi, ƙididdiga, lissafin yiwuwa da nazarin abin da kwamfuta ke iya lissafawa da wanda ba ta iyawa. In ba haka ba, zai shiga ajin ƙirƙirarriyar basira yana kiran manhajojin da wasu suka rubuta, ba tare da ya san dalilin da ya sa sakamakonsa ya yi kyau a gwaji ya rushe a aikace ba.

Ranka ya daɗe, idan tawagar hukumarku ta je tantance irin wannan shiri, muna roƙon kada ta tsaya ga ƙirga kujeru da kwamfutoci da duba fayil ɗin tambayoyin bara. Ta karɓi jerin sunayen ɗaliban zangon ƙarshe, ta zaɓi goma da kanta, ta zaunar da su awa ɗaya gaban kwamfuta da fayil ɗin albashin nan da muka ambata a farko. Idan bakwai suka fitar da jimillar daidai, a sabunta wa shirin izini. Idan ba su kai ba, a ba sashen shekara ɗaya ya gyara, a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai har sai an dawo an sake gwadawa. A shirye muke mu zauna da duk kwamitin da za ku kafa, mu kawo cikakken jadawalin darussan mako-mako da samfurin tambayoyin jarrabawar.

Allah ya yi jagora, ya taimake ku a kan wannan nauyi. Wassalam.

Daga wasu malaman kimiyyar kwamfuta da masu sana'ar rubuta manhaja a arewacin Najeriya.